Daga Akwatin Unguwa zuwa Babban Asusu: Tarihin Haɗewar Ƙungiyoyin Taimakon Juna a Faransa

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe littafin asusun wata ƙungiya ya san ranar da ba a so, wato ranar da mutum biyu ko uku suka kwanta ciwo a wata guda, aka buɗe akwati aka tarar abin da ke ciki bai kai ba. A irin wannan rana ce ake fara zancen haɗa kai da ƙungiyar maƙwabta. Zancen yana da daɗin faɗi, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma da an zauna sai tambayoyi su taso: wa zai riƙe kuɗin? Sunan wace ƙungiya zai rage? Wa zai je duba marar lafiya idan ofis ya koma babban birni?

Ƙasar Faransa ta shafe fiye da shekara 200 tana kokawa da waɗannan tambayoyi. A can, ƙungiyoyin taimakon juna, waɗanda a da ake kira sociétés de secours mutuels, yanzu kuma mutuelles, sun daɗe suna ɗaukar nauyin ma'aikaci idan ya kwanta ciwo, tun gwamnati ba ta shiga wannan aiki ba. A shekara ta 2001, ƙungiyoyi fiye da 1,500 ne ke biyan kuɗin maganin mambobinsu. A 2022 ba su kai 300 ba. Akasarinsu ba karyewa suka yi ba, narkewa suka yi cikin waɗansu. Wanda ya bi tarihin zai ga kowace babbar haɗewa ta biyo bayan wani sauyi ne a hanyar shigowar kuɗi. Zai kuma ga haɗewar iri biyu ce: akwai wadda mambobi suka shirya da kansu tun da sauran lokaci, akwai wadda doka da kasuwa suka ɗora musu. Sakamakonsu ya sha bamban, kuma malaman makaranta suna tsakiyar labarin.

Akwatin masu sana'a

Juyin juya halin da aka fara a 1789 ya rushe tsofaffin ƙungiyoyin sana'a na Faransa. A watan Yuni na 1791, dokar Le Chapelier ta hana masu sana'a ɗaya su haɗa kai, sannan kundin hukunta laifuka na 1810 ya ce duk ƙungiyar da ta wuce mutum 20 sai da izinin hukuma. Sai dai doka ba ta hana ciwo zuwa. Ma'aikacin wancan zamani, ranar da bai fita ba, ba shi da lada. Idan ya kwanta mako biyu, tukunyar gidansa ta daina hawa murhu. Idan kuwa ya mutu bai bar kome ba, a ramin gama-gari ake binne shi, abin da talakan ƙasar ke tsoro ƙwarai. Don haka ma'aikata suka ci gaba da tara kuɗi tsakaninsu, hukuma kuma ta kan kau da kai, domin suna rage mata nauyin matalauta. Masu ɗinkin safar hannu na garin Grenoble, waɗanda suka kafa tasu a 1803, suna cikin na farko.

Tsarin ba shi da wuya. Kowane mamba yana zubi a ƙarshen wata. Idan ya kwanta, ƙungiya ta biya likitan da ta yi yarjejeniya da shi, ta ba iyalinsa ɗan abin cefane na kowace rana. Idan ya rasu, ta ɗauki nauyin jana'iza, ta ba matarsa wani abu. A cikin mambobi ake zaɓen masu ziyara, waɗanda ke kai kuɗin har gida. Aikinsu biyu ne a tafiya ɗaya: gaishe da marar lafiya, da tabbatar da cewa ciwon na gaskiya ne. Wanda ya ƙi zuwa taro ko jana'izar ɗan ƙungiya, tara ce a kansa. Zumunta a ƙafa take, a nan kuwa ƙafar ce ke tsaron akwati, domin inda kowa ya san kowa, ha'inci ba ya samun wurin ɓuya.

Ƙanƙantar da ta ba su wannan ƙarfi ita ce kuma rauninsu. Ƙungiya mai mutum hamsin, annoba ɗaya ta ishe ta. Akwai kuma wata cuta mai shiga a hankali: waɗanda suka kafa ƙungiya suna samari, tare suke tsufa, kwanakin jinya suna ƙaruwa, samarin gari kuma sai su gwammace su kafa tasu da su zo su ɗauki nauyin tsofaffi. Don kare kansu, ƙungiyoyi da yawa suka ƙi karɓar wanda ya manyanta ko mai tsohon ciwo, mata ma an daɗe ba a buɗe musu ƙofa sosai ba.

Hukuma kuma tana da nata tsoron. A Liyon, masaƙan alharini sun kafa ƙungiyar Devoir mutuel a ƙarshen shekarun 1820, kuma ƴaƴanta suna cikin boren 1831 da na 1834. Masu mulki suka gane cewa akwatin da ke ciyar da marar lafiya yana iya ciyar da mai yajin aiki.

Ladan kuturu

Babban sauyi na farko a hanyar kuɗi ya zo ne a ranar 26 ga Maris 1852, daga hannun Louis-Napoléon Bonaparte, wanda a ƙarshen wannan shekara ya zama sarki Napoléon na Uku. Dokarsa ta ƙirƙiro rukunin ƙungiyoyin da hukuma ta amince da su. Aka ware musu tamma miliyan 10 daga dukiyar gidan sarautar Orléans da aka ƙwace. Ƙaramar hukuma ce ke ba su ɗakin taro da littattafan lissafi kyauta, an yafe musu waɗansu haraji, kuɗin da suka ajiye a baitulmalin ajiya na ƙasa kuma yana samun ribar kashi 4.5 cikin ɗari.

Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban kowace ƙungiya. Magajin gari da limamin coci aka ɗora wa alhakin kafa su. Aka shigo da attajirai da manyan gari a matsayin mambobin girmamawa, masu zubi ba sa karɓa, amma suna da baki a cikin sha'ani. Aka kuma ƙayyade cewa mambobi masu cin moriya kada su wuce 500 sai da izini. Manufar a fili take: a sami ƙungiyoyi masu yawa, kowace a cikin garinta, kada su san juna. A wannan zamani doka ce da kanta ta hana haɗewa. Sai bayan faɗuwar daular a 1870 mambobi suka koma zaɓen shugabanninsu.

Dokar 1898 da asibitin malamai

Jamhuriya ta Uku ce ta kwance wannan dabaibayi. Dokar 1 ga Afrilu 1898, wadda ake yi wa laƙabi da Charte de la mutualité, ta ba ƙungiyoyi ƴancin kafuwa ba tare da neman yardar hukuma ba, ta bar su su wuce iyakar gari, su kuma haɗu su kafa tarayya don gudanar da abin da ɗaya ba za ta iya ba, kamar kantin magani ko asusun fansho. A 1902 aka kafa babbar tarayya ta ƙasa, FNMF, Léopold Mabilleau ya zama shugabanta na farko. Kafin yaƙin duniya na farko mambobi sun haura miliyan 3.

Malaman firamare suna cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan doka. A lokacin, kusan kowace jiha tana da ƴar ƙungiyar malamanta, tarin fuka kuwa yana yi musu ɓarna, ga azuzuwa cunkushe, ga jinya mai ɗaukar watanni, wadda babu asusun jiha guda da zai iya ɗauka. A 1901, bisa jagorancin wani sufeton ilimi mai suna Alfred Leune, ƙungiyoyin suka kafa tarayya da manufa ɗaya tak: gina asibitin masu tarin fuka. A 1906 aka buɗe shi a Sainte-Feyre, cikin jihar Creuse. Kowace ƙungiya ta riƙe sunanta da akwatinta, abin da ya fi ƙarfin kowa shi kaɗai aka haɗa. Wannan asibiti ya koya wa malamai aiki tare shekara 40 kafin buƙatar cikakkiyar haɗewa ta taso.

Dokokin inshorar ma'aikata na 1928 da 1930 sun ƙara tura ƙungiyoyi ga juna. A karon farko zubi ya zama dole ga ma'aikata masu ƙaramin albashi, rabi daga ma'aikaci, rabi daga mai ba shi aiki, kuma an bar ƙungiyoyin taimakon juna su buɗe asusun da zai karɓi wannan kuɗi. Ƙungiyar ƙauye ba ta da ma'aikatan da za su riƙe irin wannan lissafi, saboda haka tarayyar jiha ce ta karɓi aikin. Daga nan ma'aikacin ofis mai albashi ya fara zama kusa da mai ziyara ɗan sa-kai.

1945: kiɗa ya sake

Bayan yaƙin duniya na biyu, dokokin 4 da 19 ga Oktoba 1945 suka kafa Sécurité sociale, tsarin kariyar jama'a na ƙasa baki ɗaya. Pierre Laroque ne ya tsara shi, ministan ƙwadago Ambroise Croizat ya aiwatar. Gudanar da asusun ya koma hannun wakilan ma'aikata, mafi yawansu ƴan sandika. Ƙungiyoyin taimakon juna suka wayi gari aikin da suka yi fiye da ƙarni guda ya bar hannunsu. Shugabanninsu sun yi adawa mai zafi, har sai da aka yi sulhu a 1947. Abin da ya rage musu shi ne cikon: gwamnati tana mayar da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin magani, sauran 20 suna kan marar lafiya, su ne ƙungiya za ta biya. An kuma yarda ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati su gudanar da kason dole na mambobinsu a madadin asusun ƙasa.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Malamai ba su jira an kira su ba. Sandikar malaman firamare, SNI, ta ga cewa idan ƙananan ƙungiyoyinsu suka tsaya a warwatse, babu wadda za a danƙa wa wannan aiki. A ranar 8 ga Disamba 1946 aka kafa MGEN, babbar ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikatan ilimi, wadda ta tattara ƙananan ƙungiyoyi fiye da ɗari, Marcel Rivière ya zama shugabanta. Asibitin Sainte-Feyre ma ya shiga hannunta.

Abin lura shi ne sharuɗɗan da malaman suka gindaya wa kansu. Zubi ya zama wani kaso na albashi, wato sabon malami a ƙauye yana biyan kaɗan, babban jami'i yana biyan mai yawa, amma idan ciwo ya zo haƙƙinsu ɗaya. Kowace jiha ta sami reshenta da zaɓaɓɓun wakilai, malamai ne kuma ke riƙe da rassan. Rarar kuɗi aka riƙa zubawa a gidajen jinya, har da asibitin masu taɓin hankali na La Verrière da aka buɗe a 1959. Wannan haɗewa ta ƙara wa mamba ƙarfi, domin mutanen da suka haɗu sana'arsu ɗaya, sun san juna ta hanyar sandika, kuma su suka rubuta ƙa'idojin da hannunsu.

Ƙarfin da ƙungiyoyin suka tara ya bayyana a 1980, lokacin da gwamnatin Raymond Barre ta so hana su biyan dukan cikon, don a bar wa marar lafiya wani abu ya biya daga aljihunsa. Mambobi suka aika katin ƙorafi kimanin miliyan 7 zuwa fadar shugaban ƙasa. Matakin bai yi aiki ba, daga baya aka soke shi.

Lokacin da ƙungiya ta zama mai inshora

Daga shekarun 1980, gwamnati ta riƙa rage abin da take biya, musamman a kan tabarau da haƙora da waɗansu magunguna. Cikon ya yi girma har ya zama kasuwa, kamfanonin inshora kuma suka shigo da ƙarfi. Dokar Évin ta 31 ga Disamba 1989 ta ɗora ƙungiyoyi da kamfanoni a kan ƙa'idoji kusan iri ɗaya. A 1992 Turai ta fitar da dokokin kasuwar inshora ta bai ɗaya, kuma shugabannin tarayyar ƙungiyoyin Faransa da kansu suka nemi a sa su ciki, don kada a bar su a baya. Da suka ga abin da hakan ke nufi sai aka shiga jan ƙafa, har kotun Turai ta hukunta Faransa a Disamba 1999 saboda jinkiri. A ranar 19 ga Afrilu 2001 aka fitar da sabon kundin dokar ƙungiyoyin taimakon juna.

Abu biyu ne a cikinsa suka sauya kome. Na farko, duk ƙungiyar da ke alkawarin biyan kuɗin magani sai ta sami lasisi, ta kuma nuna tana da ajiya ta musamman wadda za ta ishe ta ko da shekara ta yi muni. Ga mamba wannan kariya ce ta gaske, domin alkawarin da babu ajiya a bayansa fatan alheri ne kawai. Amma ƙungiyar ma'aikatan wata masana'anta mai mutum dubu ba ta da wannan ajiya, ba ta kuma iya ɗaukar masana lissafi da lauyoyi. Zaɓinta uku ne: ta narke cikin babba, ta fake ƙarƙashin babba wadda za ta tsaya mata, ko ta rufe.

Na biyu, dokar ta raba aikin inshora da aikin jinya. A da, ƙungiya ɗaya tana karɓar zubi, tana kuma da ɗakin shan magani ko gidan tsofaffi, rarar wancan tana toshe giɓin wannan. Daga 2001 sai an kafa ƙungiya dabam don gidajen jinya, kuɗin da za a tura mata kuma yana da iyaka. Cibiyoyin da ke unguwannin talakawa, waɗanda dama ba riba suke yi ba, su suka fi jin jiki. A Marseille, Grand Conseil de la Mutualité, wadda ke gudanar da cibiyoyin lafiya da dama a yankin, ta shiga hannun kotu a 2011 saboda bashi, daga bisani cibiyoyinta suka koma hannun wata ƙungiya.

Zamanin manya

Matsin bai tsaya nan ba. A 2011 aka ɗora sabon haraji a kan zubin lafiya, aka kuma ninka shi a cikin shekarar. Daga 2016 jimillar harajin ta zama kashi 13.27 cikin ɗari a kan galibin yarjejeniyoyi. Yarjejeniyar ƙwadago ta 11 ga Janairu 2013 ta wajabta wa kowane kamfani mai zaman kansa, daga 1 ga Janairu 2016, ya yi wa ma'aikatansa inshorar ciko, ya biya aƙalla rabin kuɗin. A wannan rana ce kuma sabbin ƙa'idojin ajiya na Turai, Solvabilité II, suka fara aiki. Ma'anar sauyin ita ce mai zaɓen ƙungiya ya daina zama mutum ɗaya a unguwarsa, ya zama kamfani mai rassa a jihohi da yawa, wanda ke neman abokin hulɗa mai ofis a ko'ina. Ƙungiyar gari ɗaya ba ta da abin cewa a irin wannan ciniki.

Sai haɗewa ta bi haɗewa. Harmonie Mutuelle ta fito a farkon 2013 daga narkewar manyan ƙungiyoyi biyar, waɗanda su ma kowace ta riga ta haɗiye ƙanana masu yawa. A Satumba 2017, MGEN da Harmonie da rukunin Istya suka kafa Groupe VYV, mai kula da mutane kimanin miliyan 10. Adréa da Apréva da Eovi Mcd suka zama Aésio. Ko ma'aikatan gwamnati ba su tsira ba: dokar 17 ga Fabrairu 2021 ta sa kowace ma'aikata ta ba da kwangilar inshorar ma'aikatanta ta hanyar takara. A 2025 MGEN, tare da kamfanin CNP Assurances, ta ci kwangilar ma'aikatar ilimi, amma ma'aikatar kuɗi ta ba da tata ga Alan, sabon kamfani mai aiki ta intanet. Ƙungiyar da malamai suka kafa da hannunsu sai da ta shiga takara kafin ta ci gaba da kula da malamai.

Riba da hasara

Ba adalci ba ne a ce haɗewar zamanin nan ba ta amfani kowa ba. Mamba yana da tabbacin za a biya shi, ba ya kuma fargabar ma'aji ya gudu da akwati. Babbar ƙungiya tana iya ciniki da masu sayar da tabarau da likitocin haƙora ta sauko da farashi. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki yana samun ofis a inda ya sauka.

Sai dai waɗansu alkawuran ba su cika ba. An ce girma zai rage tsadar gudanarwa, amma alƙaluman hukuma sun nuna har farkon shekarun 2020 kimanin kashi 20 cikin ɗari na zubi yana tafiya ne a gudanarwa da talla. An ce girma zai kare kasuwa, amma kason ƙungiyoyin ya sauka daga kashi 60 cikin ɗari a 2001 zuwa ƙasa da rabi a 2022. Mafi nauyi shi ne abin da ya sami ƙa'idar zubi. Da kamfanoni suka riƙa jan matasa da farashi mai sauƙi, ƙungiyoyi ma suka koma sa farashi bisa shekarun mutum, har MGEN ta shigar da shekaru cikin lissafin zubinta a 2016. Tsohuwar cutar ƙarni na 19, wato samari su gudu su bar tsofaffi, ta dawo da sabuwar riga. Mai ziyara kuwa ya daɗe da ɓacewa, lambar waya ta maye gurbinsa. Mamba yana zaɓen wakili, wakili ya je babban taro, amma kaɗan ne ke jefa ƙuri'a, da yawa ma ba su san suna da ita ba.

Abubuwan da suka tsira daga guguwar su ne waɗanda aka rubuta a doka. Ƙungiyar taimakon juna ba ta da masu hannun jari da za su raba riba. Kowane mamba ƙuri'arsa ɗaya. An haramta mata ta binciki lafiyar mutum kafin ta karɓe shi a inshorar magani, ko ta ƙara masa zubi don ya cika ciwo. Abin da aka bari ga al'ada da sanin juna, kamar ziyara da rakiyar gawa da sassauci ga wanda ya kasa zubi, bai ƙetare haɗewa ba.

Inda tarihin ya taɓo Nijar

Wannan tarihi ya shigo ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta mulkin mallaka. A 1910 Faransa ta kafa dokar sociétés indigènes de prévoyance a yankin da take mulki, ƙungiyoyin tanadi da bashin iri, waɗanda cikakken sunansu ma ya ƙunshi kalmar taimakon juna. Daga 1915 shiga ta zama dole. Kumandan ne shugaba, zubi kuma tare da haraji ake karɓarsa. Tsarin 1852 ne aka kawo, har ya fi shi tsanani, ba tare da ƴancin 1898 ba. Ba mamaki manomi ya ɗauki abin a matsayin wani haraji, ya riƙe adashinsa da gayyarsa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta dokokin zamani. Nijar ta yi dokar ƙungiyoyin taimakon juna na lafiya a 2008, sannan a Yuni 2009 ƙungiyar UEMOA ta amince da ƙa'ida ɗaya ga ƙasashenta takwas, wadda ta tanadi rajista, da tsarin lissafi, da hukumar sa ido, da asusun lamuni. Manufar ita ce kare kuɗin mamba, kamar yadda aka ce a Faransa a 2001. Tasirin irin wannan ƙa'ida kuwa sananne ne: tana da sauƙi ga babba, tana da nauyi ga ƙarami. Duk ƙungiyar malamai ko ta unguwa da ke son wuce matakin karo-karo zuwa alkawarin biyan magani za ta ci karo da ita, haka kuma duk wadda ke dogara ga tallafin wani mai ba da agaji, ranar da ya sauya sharuɗɗansa.

Kammalawa

Tarihin Faransa bai nuna cewa ƙarami ya fi babba ba. Akwatin mutum hamsin bai taɓa gina asibiti ba, kuma ya sha barin tsofaffi a waje. Abin da ya nuna shi ne lokaci da sharuɗɗa su ke raba haɗewa mai amfani da mai cutarwa. Malaman 1901 sun fara da aiki ɗaya da ya fi ƙarfin kowa, suka bar wa kowa akwatinsa. Malaman 1946 sun haɗu kafin a tilasta musu, don haka su suka rubuta yadda za a yi zubi da yadda reshe zai yi magana. Ƙungiyoyin da suka jira wa'adin dokar 2001 sun je teburin ciniki ba su da abin da za su gindaya, da yawansu ko sunansu bai rage ba.

Saboda haka, ƙungiyar da ta hango sauyi a hanyar kuɗinta, tambayoyin da ke gabanta tsofaffi ne: me za a haɗa, me za a bari a hannun reshe; da wane ma'auni za a yi zubi, ƙarfin aljihu ko nauyin ciwo; wa ke da ikon cire shugaba; wa zai taka ya je gidan marar lafiya. Amsar da aka bari a baki ta kan tafi tare da waɗanda suka faɗe ta. Wadda aka rubuta a cikin dokar ƙungiya tun kafin a haɗa akwatuna, ita ce magada ke tararwa.